Ruwan da Na Saba Zubarwa

Litinin: Kano zuwa Karaye

Ƙarfe shida saura kwata, ana sallame sallar asuba, na baro gidana a Ɗorayi. Kular ƙanƙara a hannun dama, injin juyi na hannu cikin buhu a kafaɗa, kwalin kwalabe kuma a ka kamar mai tallan turare. Uwargida ta rako ni har zaure tana tambayata karo na uku abin da zan je ɗebowa. Na ce mata fitsari. Ta ce wannan ta ji tun jiya, abin da ke cikin fitsarin take tambaya. Na ce ta dai yi mini addu'a, don ni ma da na san amsar da na faɗa mata.

Sunana Idi. A lokacin shekarata goma sha shida ina aikin awo a wani asibiti a Kano. Zamanin soja ne, farkon shekarun casa'in, kuma an kafe takardar rage ma'aikata: mutum biyar daga ɗakin awo, ni ne na huɗu. 'Ya'yana shida. Wadda ta tsaya mini ita ce Dakta Rabi, wata matashiyar likita da ba ta daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba. Ta je wajen shugaban sashe ta ce bincikenta yana bukatar ma'aikacin awo guda, kuma ni take so. Shugaba ya ce to, in binciken ya kankama a cire sunana, in ya rushe mu rushe tare. Kankamarsa kuwa ita ce kwalabe arba'in su iso hannunta da sanyinsu kafin sha biyun ranar Alhamis, domin da yammar ranar abokiyar aikinta za ta hau jirgi da su zuwa inda ake da injin da zai iya aikin. Ashirin daga mazauna bakin ruwa a ƙasar Karaye, masu fama da tsargiya, ashirin daga mutanen tudu a Rogo, don a gwada waɗannan da waɗancan. In babu ɓangare ɗaya, ɗayan ba shi da amfani.

Abin da take nema shi ne ya ɗaure mini kai. Ranar Asabar ta zaunar da ni ta ce ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikin mutum ba zaman kurame suke yi ba. Kowace takan tsinko ɗan abu daga cikinta, ta ƙunshe shi da fatarta, ta sake shi cikin jini ko nono ko yawu ko fitsari. Wasu masana sun ce shara ce ƙwayar take fitarwa, wasu sun ce saƙo ne take aika wa 'yar'uwarta, kamar yadda ake aika ƙunshin goro gidan maƙwabta. Ita tana zaton in tsargiya ta fara cin mafitsara, ƙunshin zai canza tun kafin mutum ya kwanta. Na ce ta nuna mini guda ɗaya a madubin awo. Ta yi dariya ta ce madubinmu ba zai gan shi ba ko da idona zai tsiyaye. Sannan ta ce in na juya fitsarin, in ajiye mata ruwan bisa.

To ni a nan na yanke cewa suɓutar baki ta yi. Duk wanda ya taɓa aikin awo ya san yadda ake yi: ka zuba fitsari a siririyar kwalba, ka juya a inji, guggubi ya kwanta a ƙasa, ka tsiyaye ruwan bisa a rariya, ka duba guggubin. Ƙwan tsargiya a can yake, jini a can yake, komai a can yake. Sai na ce a raina yarinya ce, karatu ya yi mata yawa, ta juya maganar ba ta sani ba. Ba zan kunyata ta ba, zan gyara mata a aikace. Na ce, "To, ranki ya daɗe," na tashi.

Na samu fijo a Kabuga, muka tashi bakwai da minti goma. Naira ashirin, kula kuma naira biyar, don direba ya ce ta cinye wurin rabin mutum. Bazara ce, tun kafin Rimin Gado gumi ya jiƙa mini riga, ni kuwa hankalina yana kan ƙanƙara. Shingen 'yan sanda uku muka wuce, babu wanda ya kula ni. Tara saura minti goma muna Gwarzo, kilomita kamar saba'in ke nan. Daga nan akori-kura ce ta kai mu Karaye, ni da buhunan taki da wata akuya da ta ɗauki buhun injina abinci. Goma da 'yan mintuna na sauka.

Mai masaukina Malam Haladu ne, jami'in ɗakin shan magani, gajere mai fara'a wanda ba ya wuce kowa a hanya sai ya tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya sa mini ƙanƙara a firjin allurar riga-kafi mai aiki da kananzir, sannan ya kai ni ƙofar hakimi muka yi gaisuwa. Gaisuwar ta ci rabin awa, maganar da ta kawo mu ta ci minti biyu. Aka ba mu takarda zuwa ga dagacin Yammedi.

Da yamma muna cin tuwon dawa da miyar kuka da soyayyen kifi a zaurensa, Malam Haladu ya tambaye ni irin tambayar uwargida. Na kwashe bayanin Dakta na zuba masa, na sa goro inda ya kamata in sa shara, na dawo na gyara. Ya saurara har ƙarshe, ya suɗe hannu.

"To shara ce ko saƙo, Malam Idi?"

"Su ma masu abin ba su daidaita ba."

"Amma kai ka taho tun daga Kano."

Na ce masa ya miƙo buta.

Talata: Yammedi, sannan Rogo

Takwas da rabi muka hau babur ɗin Malam Haladu, kula a cinyata, kwali ɗaure a baya. Dagacin Yammedi ya karanta takarda, ya ce mutanen da suka fi shiga ruwa Fulanin wata ruga ne a bakin rafi, don kullum suna ratsa shi da shanu. Minti ashirin da biyar daga garin, kan burtali. Goma saura kwata muna wurin.

Shugabansu Ardo Buba, dogon dattijo siriri, ya fito da sanda a kafaɗa. Muna cikin gaisawa ya ƙura wa fuskata ido. Kakana mutumin Borno ne, kuma ina da tsagen. Ai kuwa sai ya yi kabbara ya ce yau Allah ya dawo masa da bawansa da ya gudu. Na ce Bafillatani da bai san garinsu ba ina ya ga bawa. Aka yi dariya, aka shimfiɗa mana tabarma. Na ce a raina aiki ya zo da sauƙi.

Ashe ban ga komai ba. Da Malam Haladu ya gama bayani, Ardo ya ce magani suna so, don rabin mazan rugar jini suke fitsarwa. Amma su ba sa barin abin da ya fita daga jikin mutum a hannun baƙo, ko gashi ne ko farce, balle wannan. Ba ya ce ni mugu ba ne, amma bai san hannun da zai karɓa daga nawa ba. Sharaɗinsa: in ɗebi ɗan abin da zan duba, ragowar kowa a mayar masa a kwalbarsa da sunansa a jiki, ya je ya binne da hannunsa. Ko ɗigo ba za a zubar a ƙasa ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ga rana tana ɗagawa, ga ƙanƙara tana narkewa, ga mutum yana so in yi wa fitsari rajista. Amma sai na tuna cikin kwalin akwai wasu manyan kwalabe arba'in masu murfin murɗi da Dakta ta haɗo ni da su. Tun a Kano nake mamakin me ɗan guggubi zai yi da kwalba mai girman kofin shayi. Kowace da ɗan farin gari a gindinta, na ɗauka ragowar sabulu ce, har na so in ɗauraye, ƙyuya ta hana ni. Na ce to ga amfaninsu ya zo.

Daga goma da rabi zuwa ɗaya ina gindin ɗorawa ina murza hannun inji. Maza ashirin. Kowa ya kawo nasa, in juya, in tsiyaye ruwan bisa a babbar kwalba, Malam Haladu ya rubuta suna da lamba, in toshe siririyar mai guggubi in jefa a kula. Muka duba a madubinsa mai aiki da hasken rana, mutum goma sha huɗu da ƙwan tsargiya. Dakta ta ja mini kunne cewa ba a ba da magani sai an gama ɗiba, don da ya shiga jiki komai ya canza. Wannan kam na kiyaye. Da muka gama, duk masu ƙwan suka haɗiyi ƙwayarsu a gabana.

Na tura wa Ardo manyan kwalaben. Mutum uku da ba su bi shanu ba suka ɗauki nasu nan take suka nufi bayan ruga. Bakina bai iya yin shiru ba.

"Ardo, wallahi ruwan banza ne wannan. Shekara goma sha shida ina zubar da shi a rariya."

"In banza ne ai ba ka yi asara ba, bawana," in ji shi.

Aka kawo fura da nono mai sanyi, na sha har na ji kunya. Biyu da rabi muka tashi. A Karaye na sake ƙanƙara, na shiga wata akori-kura ta Rogo, ta ƙi cika sai huɗu. Naira goma. Hanya ce ta jar ƙasa mai gargada, kilomita kusan arba'in, na rungume kula kamar jinjiri. Shida saura ashirin muka isa.

A asibitin Rogo na samu Hajiya Binta, babbar ungozoma, wadda Dakta ta ba ni wasiƙa a liƙe in kai mata. Mace ce mai jiki da tabarau a kan hanci, ba ta da yawan magana. Muka gaisa, ta farke wasiƙar ta karanta, ta ce in buɗe kula ta ga na Karaye. Na buɗe ina ɗan ƙasaita. Siraran kwalabe ashirin a jere, kowace da ɗan abu a gindi kamar tokar sigari. Ta dube su, ta dubi wasiƙar, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam Idi, ina ruwan?"

Na ce wane ruwa. Ta juyo mini bayan takardar. Dakta ta zana kwalba da biro. Ta ja kibiya zuwa ruwan bisa ta rubuta a ajiye. Ta ja wata zuwa guggubi ta rubuta a duba ƙwai a zubar. A ƙasa ta yi bayani: ƙunshin da take nema ya yi ƙanƙantar da injin hannu ba zai kwantar da shi ba, yana nan yana yawo a ruwan bisa, sai babban injin can ƙasar waje. Farin garin da ke cikin manyan kwalabe kuma maganin hana ruɓewa ne, kada a wanke.

Na zauna a bencin masu awon ciki. Wato shara na ɗauko a kan ƙanƙara tun daga Yammedi, kayan kuma na miƙa wa masu su da hannuna, har da baƙar magana a kai. Na ce zan koma in sake ɗiban sabo. Hajiya ta tambaye ni ko na ba su magani. Na ce na ba su. Ta ce to sabo ba shi da amfani. Na ga fuskokin 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, na ga takardar nan a jikin allo, hawaye ya zo mini, ni da furfura a gemu.

Hajiya ba ta lallashe ni ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Ta ce in bar mata inji da sauran kwalabe ashirin, ita za ta yi na Rogo gobe ta aiko mini Karaye da motar asibiti. Ni kuma in yi sammako in je in ga abin da ƙasa ba ta riga ta ci ba. Aka ba ni ɗakin baƙi da shinkafa da wake. Ban iya cin ko loma uku ba.

Laraba: komawa ruga

Babu mota da asuba, sai na yi shatar ɗan acaba, naira talatin. Shida saura minti goma muka tashi. A rabin hanya taya ta yi faci, muka tura babur kusan kilomita biyu zuwa wani ƙauye. Takwas saura ashirin na buga wa Malam Haladu sallama. Da ya ji labari ya yi salati, ya tura babur ɗinsa waje ko hula bai sa ba.

A hanya na dinga saƙa ƙarya. Na ce zan ce gwamnati ce ta aiko a karɓo. Na ce ko in ce akwai cuta a ciki, in aka binne za ta kama shanu. Malam Haladu ya waiwayo ya ce in rufa wa kaina asiri, mutumin da ya yi shekara hamsin yana ciniki da dillalan shanu ba ni zan yi wa ƙarya ba.

Takwas da minti ashirin muka iso. An gama tatsa, maza suna zaune a gindin ɗorawar jiya, Ardo a tsakiya. A gefe, nesa da bukkoki, wata tsohuwar ƙwarya ce cike da jiƙaƙƙen yashi, an rufe da faifai, wuyan kwalabe yana leƙowa. Goma sha bakwai. Ashe masu su sun bi shanu jiya tun kafin in mayar da kwalaben, ba su dawo ba sai bayan magariba, Ardo kuma ya ce ba a mayar da amana cikin duhu, sai da rana a gaban kowa, don kada wani ya ce an taɓa tasa. Da mun ƙara minti goma a wurin faci, da sai dai in yi wa rami sallama.

Ban tsaya kan tabarma ba, na durƙusa a ƙasa. Aka yi gaisuwa cikakkiya, shanu, gida, gajiya, kwanan baƙunta. Sannan na faɗi abin da ya dawo da ni.

"Jiya ka ce banza ne," in ji Ardo.

"Na ce, Allah ya ja zamaninka."

"Yau kuma fa?"

"Yau an ce shi ne abin."

Ya ce in faɗa masa me ke ciki. Na sake kwaso maganar ƙunshin, wannan karon a hankali: jiki yana ƙunshe ɗan abu ya saki, wai saƙo ne. Ya tambaya ko na gani da idona. Na ce ban gani ba. Ya ce to yaya aka yi na yarda.

"Ban ce na yarda ba, Ardo. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne an faɗa mini daidai, na ɗauka na fi mai faɗar sani. In ban kai kwalaben nan gobe ba aikina ya tafi, kuma ba laifin kowa ba ne sai nawa."

Can wani dattijo mai ido ɗaya ya yi magana da Fillanci, aka fashe da dariya, ni ina durƙushe ban san ko yanka ni ake shawara ba. Ardo ya fassara mini. Wai dattijon ya ce wannan ne ilimin da aka je Turai nema? Ai bijimi yakan sansana fitsarin saniya ya san ko ta isa barbara, ya san ko ta ɗauka, kuma ba ya jiran wani guggubi ya kwanta.

"Mu mun daɗe da sanin akwai magana a ciki," in ji Ardo. "Shi ya sa ba ma barinsa a hannun baƙo. Kai ne ka zo ka ce mana banza ne."

Na roƙe shi ya ba ni kwalaben. Ya ce shi ba zai iya ba ni ba, don ba nasa ba ne, kowa da kwalbarsa. Suka koma Fillanci kusan rabin awa, murya tana hawa tana sauka, ni ina kallon rana tana matsowa kusa da ƙwaryar. Daga ƙarshe suka kawo sharaɗi biyu. A kankare sunan kowa a bar lamba, takardar sunayen kuma ta zauna a wurin Ardo. Na biyu, duk abin da aka gani a ciki, ni zan dawo da ƙafata in faɗa musu, ba aike ba. Na ɗauki alkawari. Ardo ya fara kiran suna ɗaya ɗaya, mai kwalba ya ɗauka, ya ga dama ya miƙo mini, ya ga dama ya tashi da ita. Mutum biyu suka tashi da tasu. Dattijo mai ido ɗaya shi ne na ƙarshe, ya juya tasa a hannu ya daɗe, sannan ya ce a ba bawan Ardo, kada 'ya'yansa su ce Fulani ne suka kashe musu tukunya.

Goma sha biyar. Dakta ashirin ta ce. Ban san ko sha biyar za ta yi ba, kuma babu waya a kusa da zan tambaya. Na zubar da guggubin jiya a ramin da suka haƙa, a gabansu, na jera manyan kwalaben a kula. Sha ɗaya muna Karaye. Ƙarfe huɗu motar asibitin Rogo ta kawo ashirin ɗin Hajiya Binta, a jere tsaf, da injina, da 'yar takarda: ta gaishe ni, in riƙa karanta bayan wasiƙa.

Alhamis: Karaye zuwa Kano

Shida da rabi na yi sallama da Malam Haladu. Kananzir ɗin firji ya ƙare cikin dare, ƙanƙarar ta zama rabi ruwa. A Gwarzo na sayi ƙanƙarar naira uku wurin mai sayar da lemo, na shiga fijo tara saura kwata. A shinge na biyu wani saje mai tumbi ya ga kula tana naso, idonsa ya yi haske. Ya ce in buɗe. Ya zaro kwalba ɗaya mai sanyi, launin ruwan zuma, ya ɗaga ta a rana, ya fara murɗa murfi yana tambaya wane irin lemo ne.

"Fitsarin masu tsargiya ne, ranka ya daɗe."

Ya mayar da ita da yatsa biyu, ya goge hannu a wando, ya ce direba ya ja mota. Sai ga sabuwar rigima: wani alhaji a gaba ya ce ba zai yi tafiya da najasa ba, da alwalarsa. Aka tsaya ana muhawara minti goma sha biyar, ni ina kallon agogo, har direba ya yanke hukunci kula ta koma but, a bayan mota. A Kabuga kuma cunkoso. Sha ɗaya da minti ashirin na shiga ofishin Dakta Rabi, rigata sharkaf.

Ta ƙirga, talatin da biyar. Kafin ta tambaya na faɗa mata komai, tun daga abin da na ce a raina ranar Asabar har zuwa ƙwaryar yashi. Ban rage ko baƙar maganar da na yi wa Ardo ba. Ta tambayi awa nawa suka yi ba ƙanƙara, ta rubuta. Ta tambaya ko na wanke farin garin. Na ce Allah ya taimake ni da ƙyuya. Ta ɗan buga biro a tebur. Sannan ta ce sha biyar ba ashirin ba ce, za ta sha tambaya a kai, amma za su tafi.

Ta ɗaga ɗaya a hasken taga. Na matso na leƙa. Ruwa ne garau, babu ko ƙura.

"To ina abin, Dakta?"

"Yana nan, Malam Idi."

Ta ajiye, ta ce me ya sa ban tambaye ta ba tun ranar Asabar. Na ce kunyarta na ji, ban so in nuna mata ta yi kuskure ba. Ta rufe fuska da tafin hannu. Ta ce ita ma ta ga a fuskata ban yarda ba, ta so ta maimaita, sai ta ji nauyin ta koya wa sa'an babanta aikin da yake yi tun tana firamare. Shi ya sa ta zana a wasiƙar Hajiya, ta manta Karaye ce kafin Rogo. Muka tsaya muna kallon juna, kula tana ɗiga a ƙasa tsakaninmu.

Ta rubuta wa shugaban sashe layi biyu, na kai da hannuna. Ya karanta, ya tashi ya je allo, ya ja biro a kan na huɗu. Sauran huɗun suna nan yadda suke, kuma duk na san 'ya'yansu. Ban iya yin murna a wurin ba.

Da la'asar na isa gida. Uwargida ta karɓi buhun inji, ta kawo ruwa, ta jira na sha, sannan ta ce to yanzu na san abin da ke ciki? Na ce har yanzu ban gan shi ba, amma gobe zan tafi aiki. Ta zauna a bakin ƙofa ta yi hamdala.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Malam Haladu da babur ɗinsa, da Hajiya Binta da ta yi aikina ba ta goranta mini ba, da Dakta Rabi. Bayan wata bakwai hoto ya zo daga ƙasar waje, wasu 'yan kewayayyun abubuwa masu lotsattsen ciki, aka ce su ne, kuma har lokacin ba a gama sanin abin da suke faɗa ba. Na hau mota na kai wa Ardo Buba da ƙafata kamar yadda na yi alkawari. Ya juya hoton sama da ƙasa, ya miƙa wa dattijo mai ido ɗaya, ya ce ai 'yan ƙore ne, kuma an cika alkawari. Shi da mutanensa goma sha biyar na fi gode wa, har da biyun da suka hana da ukun da suka binne, don su ma sun fi ni sanin darajar abin da ke hannunsu.